Shin Daidai Ne A Keɓe Wa Tsuntsaye Ruwa Alhali Talaka Yana Bukata?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahaɗar Zuba da sassafe ya san garin ƙofa ce. Motocin da suka kwana a hanya daga Kano da Kaduna, da waɗanda suka taso daga Lakwaja da kudancin ƙasa, a nan suke haɗuwa kafin su shiga birnin Abuja. Wasu suna sauke lemo da ayaba da kankana a kasuwar 'ya'yan itatuwa, wasu kuma suna ɗauke da buhunan shinkafa da kwalayen busasshen kifi. Uwargida da ta sayi kifin miyarta ba ta cika tambayar inda aka kamo shi ba. Amma wani kaso na kifin da ake ci a wannan yanki daga ruwayen arewa maso gabas yake fitowa, wato daga wajejen Haɗeja da Nguru da Gashuwa da tafkin Chadi.

Waɗannan ruwaye suna da wasu baƙi da ba su zuwa kasuwa. Kowace shekara, idan damina ta ɗauke, dubban tsuntsaye sukan taso daga Turai da Asiya, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru. A bayansu kuma akwai mutanen da sukan yi doguwar tafiya, su kashe kuɗi, su shiga kwale-kwale da madubin hangen nesa a wuya, don kawai su ga tsuntsayen su ƙirga su. Har akwai tafkin da hukuma ta keɓe, ta hana farauta a cikinsa, saboda tsuntsayen su sami wurin hutawa.

A ce magidanci a Zuba, wanda ke fama da kuɗin haya da kuɗin makarantar yara, ya ji wannan labari. Da wuya bai girgiza kai ya ce abin na waɗanda suka ƙoshi ne ba. Zai iya ƙarawa da tambaya mai nauyi: ina dalilin keɓe ruwa da ƙasa domin tsuntsu a ƙasar da yara ke kwana da yunwa? Wannan tambaya ba ta wauta ba ce, kuma bai kamata a amsa ta da gatse ba. Ta shafi adalci, ta shafi matsayin ɗan Adam a cikin halitta, ta kuma shafi yadda mai bi zai kashe lokacinsa da dukiyarsa.

Wurin Da Ake Magana A Kai

Kogin Haɗeja yana samun ruwansa daga kogin Kano da kogin Calawa. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Filato yake gangarowa ta ƙasar Bauci. Da suka isa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan yashi a gabashin Jigawa da yammacin Yobe, sai gudunsu ya ragu, su rarrabu cikin ƙananan rassa, su bazu su zama fadamu da tafkuna, kafin su haɗu su zama kogin Yobe wanda ke nufar tafkin Chadi. Wannan bazuwar ruwa ita ce dausayin Haɗeja da Nguru.

Fiye da mutum miliyan ɗaya ne ke cin abinci daga wannan dausayi: Hausawa, Badawa, Barebari da Fulani. Idan ruwa ya cika sai a shuka shinkafa. Idan ya fara janyewa sai a bi danshin da ya bari da wake da sauran amfanin rani. Masunta suna kama tarwaɗa da karfasa, makiyaya suna kawo shanu su ci ɗanyar ciyawa a lokacin da daji ya bushe, mata suna yankar kabar goruba domin tabarma da igiya. Ruwan da ya kwanta kuma yana nutsewa ƙasa ya ciyar da rijiyoyin garuruwa masu nisa.

A cikin wannan wuri an ga tsuntsaye fiye da iri 300. Akwai 'yan gida kamar ɗinya da kirinjijiya da zalɓe da jinjimi da balbela. Akwai kuma baƙi: agwagin daji da ke ƙyanƙyasa a Turai da Rasha, da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu. Ƙidayar da aka riƙa yi a watan Janairu cikin shekarun 1990 ta sha wuce tsuntsayen ruwa 200,000. Ga tsuntsun da ya ƙetare hamada mai faɗin kusan kilomita 2,000, wannan dausayi yana cikin ruwayen farko da zai tarar.

Saboda haka ne duniya ta sa ido a wurin. A shekarar 1987 aka fara wani shiri na kiyaye dausayin. A 1989 Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila, wanda a lokacin yake shugabantar ƙungiyar WWF mai kare namun daji, ya ziyarci tafkin Dagona a ƙasar Bade. Dagona yana cikin gandun dajin ƙasa na yankin tafkin Chadi. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin. Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008.

Ƙarar Manomi

Kafin a yabi wannan aiki, wajibi ne a saurari wanda yake zaune a bakin ruwan. Ga manomin shinkafa a wannan yanki, kalmar tsuntsu ba ta kawo masa hoton agwagwar Turai. Abin da take tuna masa shi ne janbaki, ɗan ƙaramin tsuntsun nan da ke tafiya cikin garke kamar hayaƙi. Idan garken janbaki ya sauka a gonar shinkafa ko gero ko dawa da ta fara nuna, wahalar wata huɗu tana iya ƙarewa cikin kwana kaɗan. Iyalai sukan fita tun asuba da gwangwanaye da igiyoyi suna kora, yara sukan bar makaranta domin tsaron gona. Sau da yawa gwamnatoci sun aiko da jiragen sama su yi feshi a wuraren kwanan tsuntsayen.

Ga kuma maharbi wanda kakanninsa suka ci ɗinya daga wannan tafki, yanzu an ce masa haramun ne. Ga masunci da aka iyakance masa wurin jefa koma. Idan ya ga baƙo ya sauko daga mota mai sanyi, ya ɗauki hoton tsuntsu, ya koma bai tambayi lafiyar kowa ba, ba abin mamaki ba ne ya ɗauka cewa a idon manya tsuntsu ya fi shi daraja. Tarihin gandun daji a Afirka yana da misalai masu ɗaci na mutanen da aka tasa daga ƙasar gadonsu ba tare da diyya ta gaskiya ba, domin baƙi su zo su more kallo. Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kan irin wannan ba. Labarin gonar inabin Nabot a 1 Sarakuna 21 yana nuna fushin Allah a kan mai iko da ya ƙwace gadon talaka domin ya yi wa kansa lambu. Duk wani aikin kiyaye halitta da ya yi kama da abin da sarki Ahab ya yi, ko da wane suna aka kira shi, zalunci ne.

Wane Ne Ya Ɗauke Ruwan?

Sai dai idan aka bi tarihin dausayin, za a tarar ba tsuntsu ne ya rage wa talakan Bade da Haɗeja ruwa ba. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano. A 1992 aka gama ta Calawa. An gina su da kyakkyawar niyya: ruwan sha ga birnin Kano da noman rani a Kadawa da Kura da kwarin Haɗeja, kuma mutane da yawa sun amfana. Amma ruwan da aka tare a sama, na ƙasa ne ya rasa shi. Tare da farin shekarun 1970 da 1980, faɗin ƙasar da ambaliyar shekara ke rufewa ya ragu ƙwarai, gonakin shinkafa suka bushe, kifi ya yi ƙaranci.

Wata matsalar ta biyo baya. A da kogin yakan cika da damina ya ƙafe da rani. Da aka fara sako ruwa daga madatsun a duk shekara, rassan kogin suka daina bushewa, sai ciyawar kacala ta sami wurin zama. Ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Wasu garuruwa ruwa ya yi musu yawa har ya ci gidaje, wasu kuma ya daina isa gare su sam. A cikin wannan kacala ce janbaki yake samun mafaka ya hayayyafa. Ashe annobar da manomi ke kuka da ita tana da alaƙa da yadda mutane suka sauya tafiyar kogin. Ruwa ba ya tsami banza.

A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna amfanin da ake samu daga ruwan idan an bar shi ya bazu a dausayi, wato noma da su da itacen girki, suka kwatanta da amfanin da ake samu idan an karkatar da shi zuwa babban aikin noman rani na kogin Kano. Suka tarar cewa, idan aka auna da yawan ruwan da aka kashe, amfanin dausayin ya ninka na aikin noman sau da yawa. Ba su ma sa tsuntsaye cikin lissafin ba.

Wannan ya sauya fuskar tambayar. Ambaliyar da agwagwar daji ke bukata ita ce ambaliyar da manomin shinkafa da masunci da makiyayi ke bukata. Shekarar da ruwa ya bazu yadda ya kamata, dukansu sukan samu. Shekarar da aka tare shi, dukansu sukan rasa. Ainihin gardamar tana tsakanin masu iko da famfon madatsa da waɗanda ke can ƙasa ba su da murya, kuma a cikin marasa muryar nan har da tsuntsu. Sau da yawa ma masu ƙirga tsuntsaye ne suka fara kai kukan mutanen dausayin gaban hukuma, domin su ne suke auna ruwan shekara bayan shekara.

Abin Da Maganar Allah Ta Koyar

Littafi Mai Tsarki bai daidaita mutum da tsuntsu ba. Mutum kaɗai aka halitta cikin kamannin Allah, shi aka ba mulki a kan sauran halittu (Farawa 1:26-28). Yesu da kansa ya tabbatar wa almajiransa cewa darajarsu ta fi ta tsuntsaye masu yawa (Matiyu 10:29-31). Saboda haka duk koyarwar da za ta sa ran yaro da ran agwagwa a ma'auni ɗaya ta saɓa wa bangaskiyar Kirista.

Amma a lura da yadda Ubangiji ya gina maganarsa. Ya fara da cewa ko ɗan tsuntsun da ake sayarwa da arha a kasuwa yana cikin kulawar Uba, daga nan ya hau zuwa ga mutum. Idan tsuntsu ba kome ba ne a wurin Allah, to ta'aziyyar da ke cikin ayar ta rushe, gama fin abin da ba shi da daraja ba abin alfahari ba ne. Girman mutum a wannan aya yana tsaye ne a kan cewa ƙaramin ma ana kula da shi.

Sauran Nassi ya tafi a kan wannan hanya. An halicci tsuntsaye a rana ta biyar, aka sa musu albarka tun mutum bai bayyana ba (Farawa 1:20-22). Aikin da aka ba Adamu a gonar Aidan biyu ne, nomanta da kiyaye ta (Farawa 2:15). Alkawarin da Allah ya yi bayan ruwan tsufana ya haɗa da Nuhu da zuriyarsa da tsuntsaye da dabbobi (Farawa 9:9-10). A cikin jawabinsa ga Ayuba, Allah ya ambaci ruwan saman da yake saukarwa a jejin da babu mutum ko ɗaya (Ayuba 38:25-27), abin da ke nuna cewa ba dukan alherinsa ne ake aunawa da amfanin ɗan Adam ba. Mulkin da aka ba mutum irin na wakili ne, gama duniya tana da Mai ita (Zabura 24:1), kuma wakili zai ba da lissafi.

Dokoki biyu na Musa sun fi kusa da tambayar da ake dubawa. Ta farko tana cikin Maimaitawar Shari'a 22:6-7. Wanda ya tarar da sheƙar tsuntsu an yardar masa ya ɗauki ƙwai ko 'ya'yan, amma an hana shi haɗawa da uwar. Dokar ba ta hana mayunwaci ci ba. Abin da ta hana shi ne cin da zai kashe tushen, har gobe a rasa. Ta biyu tana cikin Fitowa 23:10-11. A shekara ta bakwai za a bar gona ta huta, abin da ya tsiro da kansa matalauta su ci, ragowar kuma namomin jeji su ci. Ga tsari a fili: talaka ne a gaba, dabba tana biye, amma gona ɗaya ce ta ciyar da su duka, kuma wanda aka ce ya janye hannunsa shi ne mai gonar. Dokar ba ta ɗora nauyin ciyar da namun jeji a wuyan matalauci ba. Ta ɗora shi a wuyan mai hali.

Inda Bukatu Suka Yi Karo Da Gaske

Ba gaskiya ba ne a ce kullum bukatar mutum da ta tsuntsu suna tafiya tare. Janbaki yana cin hatsi, kuma manomi yana da cikakken haƙƙin kare gonarsa. Wannan tsuntsu yana cikin mafi yawan tsuntsayen daji a duniya, korarsa ko rage shi ba zai ƙarar da irinsa ba. Abin da hikima ke nema shi ne a yi hattara da hanyar, gama maganin da ake fesawa ba ya tantance janbaki da sauran tsuntsaye, kuma yana sauka a ruwan da mutane da shanu ke sha. Sare kacala da buɗe hanyoyin ruwa ya fi kusa da tushen cutar.

Akwai kuma gargaɗi ga mai saurin cewa wata halitta ba ta da amfani. Dattawan Zuba da Suleja za su tuna lokacin da ungulu ke cika kowace mahauta. Yau sai a yi shekara ba a ga ɗaya ba. A 2015 aka sa irin ungulun nan ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma cikin dalilan akwai guba da cinikin sassan jikinta domin tsafi. Ƙasar Indiya ta riga ta ɗanɗana sakamakon irin wannan rashi. A shekarun 1990 wani maganin ciwo da ake yi wa shanu ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayen ƙasar. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, ruwa ya gurɓata. An hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006, amma wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulun ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin 500,000 cikin shekaru biyar. Tsuntsun da kowa ke ƙyama ashe ma'aikacin tsabta ne da ba a biyansa albashi.

To, idan kiyaye tsuntsu yana da tsada, wa zai biya? Amsar adalci ita ce wanda ya fi hali da wanda ya fi morewa. Akwai wuraren da aka gwada haka. A gaɓar tekun Kenya, kusa da garin Watamu, akwai wata mashigar teku mai suna Mida, wadda itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri suka kewaye, tsuntsaye masu ƙaura kuma suke sauka a cikinta. Ƙungiyar Kirista mai suna A Rocha, wadda Peter da Miranda Harris suka kafa a ƙasar Fotugal a 1983, ta lura cewa iyaye suna sare itatuwa ne domin su biya kuɗin makaranta. A 2001 ta fara wani shiri: kuɗin da baƙi masu kallon tsuntsaye ke biya don su bi wata gadar katako a cikin itatuwan yana shiga asusun biya wa yaran ƙauyukan kuɗin makarantar sakandare. Da haka tsuntsun ya zama mai taimakon iyali. A nan gida kuma, a ƙauyen Ebbaken da ke yankin Boje a Jihar Kuros Riba, inda ɗimbin tsattsewa daga Turai ke kwana cikin dogayen ciyayi, mutane sun daɗe suna kama su domin nama. Masu son kare tsuntsayen sun gane cewa hani kaɗai ba zai yi ba, sai an nemi wata hanyar samun nama da kuɗin shiga ga mutanen ƙauyen.

Ma'aunin ke nan da za a auna Dagona da kowane wuri irinsa. Shin an zauna da masu unguwanni da sarkin ruwa kafin a kafa doka? Shin 'ya'yan wurin ne ake ɗauka aikin tsaro da jagorar baƙi? Shin abin da baƙo ya biya yana isa ƙauyen? Inda amsar ta zama i, keɓe tafkin daidai ne, har ma ya yi kama da dokar sheƙar tsuntsu: ana barin uwa domin a sami 'ya'ya baɗi. Inda amsar ta zama a'a, gyara ake bukata, kuma Ikkilisiya tana da bakin faɗa.

Kallon Tsuntsu: Ɓata Lokaci Ne?

Saura ɓangare na biyu na shakkar magidancin nan. Ko da an yarda a kiyaye tsuntsaye, me zai sa babban mutum ya zauna yana kallonsu?

Kakanni ba su ɗauki abin wasa ba. Manomin ƙasar Hausa ya san cewa idan shamuwa ta dawo ta fara gyara sheƙarta a kan bishiyar gari, damina ta kusa, lokacin gyaran gona ya yi. Ba a taɓa ta, ba a cin ƙwanta, ita kuwa tana cin fara da tsutsotsin gona. Idan kaka ta yi sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Annabi Irmiya ya yi amfani da irin wannan sani lokacin da ya kwatanta tsuntsaye masu ƙaura, waɗanda ba su kuskure lokacin dawowarsu, da jama'ar da ta manta hanyar komawa ga Ubangijinta (Irmiya 8:7). Wanda bai taɓa lura da zuwan shamuwa ba, ƙarfin wannan tsautawa ba zai shige shi sosai ba. Cikin hikimar Sulemanu an lissafa saninsa na itatuwa da dabbobi da tsuntsaye da kifaye (1 Sarakuna 4:33). Yesu kuma, da yake magana da mutanen da ke damuwa da abinci da sutura, wato talakawa irin na Zuba, tsuntsayen sama ya umarce su su duba (Matiyu 6:26). Maganin alhini ne ya ba su, kuma ba ya bukatar ko kwabo.

John Stott, sanannen mai wa'azin nan na Ingila wanda ya rasu a 2011, ya yi rayuwarsa yana kallon tsuntsaye a duk ƙasar da ya je wa'azi, har ya rubuta littafi a 1999 a kan darussan da ya koya daga gare su. Mai kallon tsuntsu dole ya yi sammako, ya yi shiru, ya jira abin da ba shi da ikon kirawo shi. Waɗannan halaye ne da addu'a ma take bukata, kuma su ne wayar hannu take ƙwace wa yara da manya. Tsattsewar da nauyinta bai wuce giram 20 ba, wadda ta ƙetare teku da hamada ba taswira ba guzuri, wa'azi ce a kan tanadin Allah ga duk mai idon gani.

Duk da haka akwai tarko biyu. Na farko shi ne a so halitta har a manta Mahalicci, abin da manzo Bulus ya yi kashedi a kansa (Romawa 1:25). Na biyu shi ne a ga tsuntsu a kasa ganin mutum. Baƙon da ya san sunan kowace agwagwa a tafkin Nguru, amma bai tambayi sunan mai tuƙa masa kwale-kwale ba, ya kuma yi ta ja-in-ja da shi a kan ɗan abin da zai biya, ya koma gida da hotuna amma darasin ya wuce shi. Wanda ya koyi duban ƙaramar halitta da kyau, ya kamata idonsa ya ƙara buɗewa ga maƙwabcinsa.

Abin Da Iyali Zai Iya Yi

Daga Zuba zuwa Nguru tafiyar yini guda ce ta Kaduna da Kano da Haɗeja, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Rashin tsaron da ya addabi arewa maso gabas tun 2009 ya rage masu ziyara, don haka mai niyya ya fara bincikar halin hanya. Wanda harka ta kai shi Legas yana iya shiga wurin kiyaye halitta na Lekki, wanda aka kafa a 1990 a kan hekta 78 na dausayin bakin teku, ya ga abin da ya rage na dajin da gine-gine suka cinye. A kusa da Jos kuma akwai dajin Amurum, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta Jami'ar Jos take horar da 'yan Afirka a wannan fanni.

Amma ba sai an yi nisa ba. Fadamun da ke kewaye da Zuba, gindin dutsen Zuma, madatsar Usuma da tafkin Jabi duk suna da tsuntsayensu. Uba zai iya fita da yaransa da safiyar Asabar, su ga iri nawa za su iya ganewa, su tambayi kaka sunayensu da Hausa ko Gbagyi ko Koro kafin sunayen su ɓace. Uwa za ta iya ajiye kaskon ruwa a inuwa lokacin bazara. Yaron da ke yawo da danƙo yana harbin duk abin da ya motsa, ba don yunwa ba, a zaunar da shi a karanta masa dokar sheƙar tsuntsu. Mai bi kada ya sayi kan ungulu ko ya sayar, gama wannan ya haɗa ɓarna da tsafi. Mai neman fili kada ya sayi hanyar ruwa ya cike ta da ƙasa, domin ambaliyar da ta sha cin gidaje a wasu unguwannin Abuja daga irin wannan take farawa. Matasan Ikkilisiya za su iya ɗaukar ranar 2 ga Fabrairu, wadda ita ce ranar dausayi ta duniya, su kwashe leda da shara daga rafin unguwarsu.

Waɗanda Allah ya ba matsayi a ma'aikatun ruwa da noma da muhalli, kuma da yawansu suna zaune a kujerun majami'u a Abuja kowace Lahadi, nauyinsu ya fi na kowa. Sa hannu ɗaya a kan yadda za a saki ruwan madatsa yana iya rayar da ƙauyuka ɗari ko ya kashe su. Idan irin wannan takarda ta zo gabansu, su tuna da matar da ke yankar kaba a Bade, da masuncin Nguru wanda kifinsa ke isa kasuwar Zuba, da kuma agwagwar da ta taso daga Rasha ta sauka a ruwa ɗaya da su. Mai duniya zai tambayi wakilinsa yadda ya raba ruwan.